Ranar Da Maude Ya Ba Birki Man Shanu

Tun ranar da Maude ya dawo Batsari daga Kaduna ya hana kunnen kowa sakat. Wankin babura ya yi a can, a gefen wani gareji, amma da ya sauka a tasha sai ga shi da sifana rataye da igiya a wuya, ya ce daga yau a riƙa kiransa Injiniya. Babu wanda ya taɓa ganin ya kwance ko da noti ɗaya. A baki kuwa ya kwance injin jirgin ƙasa ya ɗaura, har wasu kusoshi suka yi saura, ya ce dama almubazzaranci ne ya sa masu ƙera shi suka saka su.

Ba wannan ce sana'arsa ta farko ba. Ya taɓa yin aski a garinsu Yasore, har sai da dattawa suka koma tara suma. Ya taɓa kiwon zabi, zabin suka yi shawara suka koma daji. Yanzu abu ɗaya ya rage masa a rai, wato rumfar langa-langa da ke bakin titi, jikin makarantar Islamiyya ta Malam Abdulkahar. Duk babur da zai shiga kasuwa ta nan yake wucewa. Maude ya riga ya gina garejinsa cikin rumfar nan a zuciyarsa, ya kafa allo, ya zaɓi ma launin fenti. Ya gaji da zama mutumin da ake tambayar matarsa, "Yanzu kuma me yake yi?" Wannan tambaya tana ci masa rai fiye da yadda yake nunawa.

Shi kuwa Malam Abdulkahar dattijo ne mai sanyin magana, yana da wani tsohon babur da birkinsa ke kuka. Ba ƙaramin kuka ba. Idan Malam ya taka birki a kwanar masallaci, ana jin ƙiiiii har bayan asibiti. Mutanen unguwa sun saba da shi har ya zame musu abin amfani. Da an ji shi, mata masu hira a ƙofar gida su gyara mayafi, samari su rage sautin waya, masu dara na gindin bedi su share ramukansu su miƙe neman buta kamar dama salla suke jira.

Wata ranar Alhamis bayan la'asar Maude ya tarar da Malam a zaure, ya durƙusa.

"Allah gafarta Malam, an wuni lafiya? Ina gajiya? Ya ɗalibai? Ya mutan gida?"

"Lafiya lau, Maude. Ya Shafa'atu da ɗiyan?"

"Alhamdulillahi. Malam, jiya ina kwance na ji babur ɗinka ya wuce, wallahi sai da na yi hawaye. Ƙarfe ne ke kai ƙara, babu mai jin yarensa a garin nan sai ni."

"To mi ya ce maka?"

"Cewa ya yi a kai shi wurin Injiniya. Malam, in har ina da wurin aiki, kamar rumfar nan da ke zaune a banza..."

Malam ya yi murmushi, don ya san inda maganar ta dosa tun daga gaisuwa.

"Rabi'u mai shayi ya riga ka magana kan rumfar, ban dai ba shi amsa ba. Ga yadda za mu yi. Jibi Asabar akwai walimar saukar Alƙur'ani a Tsaskiya ta ƙasar Safana, makarantar tsohon ɗalibina Malam Tayyib, ni zan rufe taro da addu'a. Gwiwata kuma ta hana ni tuƙi mai nisa. Ka gyara birkin, ka kai ni, ka dawo da ni lafiya. In ka yi haka rumfa taka ce. In ba ka yi ba, Rabi'u ya kawo teburinsa."

"Malam, ka gaya wa Rabi'u ya nemi wata inuwar. Kuka kam ya ƙare. Ko gaban jariri mai barci ka taka birkin nan ba zai motsa ba."

Ya turo babur har tsakar gidansa, yana tafe yana gaya wa duk wanda ya haɗu da shi cewa an ba shi kwangila. Da safiyar Juma'a ya shimfiɗa tabarmar cin abinci, ya fara kwance taya. Ya sha gumi, ya ƙuje yatsa, ya zagi wanda ya ɗaure notin, a ƙarshe dai kwanon birki ya buɗe. Abin da ke ciki ba wani abin mamaki ba ne. Ƙasar hanya ce ta taru, lainin birkin kuma, wato waɗannan lanƙwasassun abubuwa biyu da ke kama taya daga ciki, ya suɗe ya yi sulɓi. Hurewa yake so da gogewa, ko a sake sabo. Maude ya ƙura masa ido, ya shafa, ya gyaɗa kai kamar likitan da ya gano cuta.

"Bushewa!" ya faɗa da ƙarfi, ko da yake ba kowa a wurin sai akuya.

Hujjarsa kuwa mai ƙarfi ce a ganinsa. Ƙofa in ta yi kuka, mai ake ɗiga mata. Amalanke in ta yi kuka, mai ake shafa mata. Ƙafa ma in ta yi kaushi mai take nema. Me zai sa birki ya fita daban? Matsalar ita ce ba shi da giris, zuwa saye wurin bakanikai kuma tonon asiri ne, don za su tambaye shi me zai yi da shi. Sai idonsa ya faɗa kan taga, inda matarsa Shafa'atu ta ajiye kwalbar man shanu da ta sayo ranar kasuwa wurin Adawiyya mai nono.

Ya gama lafta wa birkin gaba, ya koma na baya yana suɗe ƙasan kwalba da yatsa, sai ga Shafa'atu ta fito daga madafa da muciya a hannu.

"Baban Marwa! Mi nake gani haka?"

"Aiki kike gani."

"Man nawa? Man da nake ɗiga maka a tuwo kamar turare, shi ka ɗura wa taya?"

"Ke, ba taya ba ce, birki ne. Kuma a Kaduna manyan motoci ma da man shanu ake musu, sai dai su na gwangwani ne."

"To ai sai ka kawo in tuƙa masa tuwo ya haɗa. Miyar kuka yake so ko kuɓewa?"

"Ki yi dariya yanzu. Ranar da kika ga allo a rumfa an rubuta Injiniya Maude, ke za a fara kira matar Injiniya."

"Matar wanzami ma an kira ni, ban ga abin da ya ƙara mini ba. Ni dai tambaya ɗaya gare ni. Abin da aikinsa shi ne ya kama, in ka sa masa santsi, da mi zai kama?"

Maude ya dube ta da tausayi irin na masani ga wanda bai sani ba.

"Da ilimi zai kama," in ji shi, ya ci gaba da ɗaure taya.

Bayan an sauko daga Juma'a ya fito gwaji. Ya tada babur, ya hau, ya gyara hula, ya nufi gindin bedi, don a nan 'yan kallo suke. Daga nesa ya ɗan taɓa birki. Shiru! Ko ƙiris babu. Daɗi ya cika shi har bai lura cewa gudun ma bai ragu ko ƙiris ba.

A gindin bedi kuwa dara ta yi zafi. Usaini, wanda ya ba hanya baya, yana tsugune ya kusa cinye abokin wasansa. Wani ya ɗaga kai ya ce, "Kamar babur ɗin Malam nake hange."

"Haba dai," in ji Usaini ba tare da ya waiwaya ba. "In na Malam ne ai da tuni ya yi sallama daga kwana. Kai dai saka ɗanka, kada ka kawo dabara."

Maude ya taka birkin ƙafa, ya matse na hannu, ya sake takawa har da miƙewa tsaye. Babur ya ce bai san zancen ba. Sai ya buɗe baki ya yi aikin da birkin ya daina yi.

"Ku kauce! Usaini, kauce!"

Aka watse. Usaini ya yi tsallen da bai yi ba tun yana saurayi, ya bar takalmi ɗaya. Babur ya bi ta tsakiyar dara ya share ramuka tas, ya wuce ya soka kai cikin dangar karan gidan Usainin, ya tsaya a nan, Maude ya leƙa tsakar gida ba sallama. Kaji suka tashi sama, wata tsohuwa daga ciki ta saki salati.

"Kai Maude, kashe mu za ka yi?" Usaini ya taso yana kaɗe riga. "Ina birkinka?"

"Kun ji ƙara?" Maude ya tambaya yana zare kara daga hularsa.

"Ina ruwana da ƙara? Dangata ka kayar!"

"Na ce kun ji ƙara? Ba ku ji ba. To aiki ya yi kyau. Wannan shi ake kira birkin zamani, ba ya tsayawa da garaje, sai ya yi nazari."

"Cikin gidana zai yi nazarin?"

Wani dattijo da ke gefe, wanda tsoro ya sa ya rungume bedi, ya sauke hannu ya ce, "Ni abin da ya fi damuna, ka kashe mana mai gargaɗi. Yanzu sai dai mu ga Malam tsaye a kanmu muna tsakiyar gulma? Ka mayar da kukan nan inda ka same shi, don Allah."

Maude ya ja babur ya koma gida yana cewa hassada ce. Amma a ransa ya ɗan tsorata, don ko shi ya san Malam ba zai yarda a riƙa tsayar da shi da dangar mutane ba. Ya zagaya babur, ya tsuguna, sai ya ga notin da ke ƙarshen sandar birkin baya, wanda ake ɗan murɗawa in birki ya yi sako-sako. Ai kuwa ya sa sifana. Ya murɗa, ya murɗa, ya ƙara murɗawa har ya dafa ƙafa a bango, sai da taya ta koma juyawa da ƙyar kamar ana jan rago zuwa mahauta.

"Shi ke nan," ya gaya wa Shafa'atu. "Yanzu birkin a kame yake tun kafin a taka shi. Ya rage wa Malam wahala."

"Allah ya rage wa Malam wahala," in ji ta, ta shige ɗaki.

Asabar da hantsi Malam Abdulkahar ya fito cikin farar babbar riga da rawani, yana ƙamshin turare. Bai karya kumallo ba, don ya san Malam Tayyib ba ya wasa da walima. Ya yi bismilla ya hau baya. A kwanar masallaci Maude ya taka birki da gangan, ya waiwayo.

"Malam, ka ji wani abu?"

"Ban ji ba. Ma sha Allah. Sai dai na ga kamar babur ɗin ya yi nauyi."

"Natsuwa ce, Malam. Da can rawar kai gare shi."

Suka bar kwalta suka kama hanyar ƙasa. Damina ta yi kyau, gero ya fi mutum tsawo dama da hagu. Maude ya murɗe totur har ƙarshe, injin yana gurnani kamar zai fashe, amma wata mata mai ɗauke da itace sai da ta daɗe tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da su, har suka gama gaisawa da Malam, ta tambayi mutan gida. Can ƙasa kuwa, cikin kwanon birkin baya, guga ta haifar da zafi, zafi kuma ya tarar da man shanu.

Da suka ratsa wani ƙauye Malam ya shaƙi iska.

"Kai, mutanen garin nan akwai su da suya da safe."

"Ƙwarai kuwa, Malam."

Suka wuce ƙauyen, suka shiga gonaki, ƙamshi bai bar su ba. Suka ratsa wani ƙauyen, ƙamshi ya ƙaru. Cikin Malam ya yi ƙugi har Maude ya ji a bayansa.

"Ikon Allah. Yau duk ƙasar Safana suya ake? Ko wani biki ne ba a gaya mana ba?"

"Albarkar damina ce, Malam."

"To su kuma waɗannan fa, albarkar mi suke bi?"

Maude ya waiwaya. Karnuka ne jere a bayansu, harsuna a waje, ba haushi ba faɗa, suna tafe cikin ladabi kamar 'yan rakiyar amarya. Wani jan kare mai yankakken kunne har ya kusa sa hanci a taya. Maude ya kai masa shuri, babur ya yi tangal-tangal, Malam ya riƙe rawani. Daga nan sai hayaƙi ya fara tasowa ta ƙarƙashin babbar riga, tare da wata 'yar ƙara, cuwii, irin ta albasa in ta faɗa kasko.

"Maude, tsaya! Wuta!"

Tsayawa kam ba ta yi wuya ba, yana sakin totur babur ya ƙame. Malam ya sauka da saurin da gwiwarsa ba ta san tana da shi ba. A gefen hanya wani Bafulatani mai suna Manu yana tsaye da sanda a kafaɗa, shanunsa na kiwo, jakinsa na ɗaure a kututture. Ya ƙaraso ya cire malfa ya gaida Malam da kyau, sannan ya tsuguna gaban taya, inda wani ruwan mai launin zuma ke ɗiga yana tafasa.

"Kada ka taɓa," in ji Maude. "Giris ne na ƙasar waje."

Manu ya tara kara, ya ɗebo ɗigo ɗaya, ya hura, ya ɗanɗana.

"Hoɗijam! Wanga giris ai matata Adawiyya ta kaɗa shi. Na san hannunta ko cikin duhu. Ta ce wata mata a Batsari ta saye kwalba guda. Ashe babur za a yi wa miya."

Malam ya juyo a hankali. "Maude, mi ke cikin birkin nan?"

"Malam, sirrin sana'a ne. Kowane mai aiki da nasa. Abin da ya faru kawai, notin nan ne ya ɗan matse. Yanzu zan sassauta shi."

"Baba Malam," in ji Manu, "ga jakina. Ba ya gudu, amma in ka ce ya tsaya yana tsayawa. Wani lokaci ma ba sai ka ce ba."

Malam ya dubi jaki, ya dubi farar rigarsa, ya dubi rana da ta yi sama. Daga nesa iska na kawo muryar lasifika daga Tsaskiya, an fara karatu.

"Na gode, Manu, amma lokaci ya ƙure. Ni ilimin ƙarfe ba nawa ba ne. Maude, ka tabbata?"

"Malam, in ban kai ka ba, a canza mini suna."

Ya sa sifana ya warware notin, ya ga yana juyawa da sauƙi, sai ya kai yatsu don ya nuna gwaninta. Notin nan kuwa ya sha wuta tun daga Batsari. Maude ya yi ƙara, ya yarfe hannu, noti ya yi sama ya faɗa cikin ciyawa mai kai gwiwa. Ya laluba nan, ya laluba can, yatsu biyu a baki. Babu noti. Malam na can yana sallama da Manu. Maude ya dubi sandar birki tana reto babu abin da ya riƙe ta, ya tuna rumfa, ya tuna Rabi'u da teburinsa. Ya ce a ransa ai akwai birkin gaba. Ya manta cewa na gaban ne ya fara shan man shanun, lokacin da kwalba ke cike.

"An gama, Malam. Bismilla."

Kai, babur ya samu 'yanci! Ya tashi kamar ɗan maraƙin da aka kwance, karnuka suka koma gudu na gaske. Malam har ya ce ma sha Allah. Suka hau wani tudu mai duwatsu, suna kaiwa ƙoli sai ga Tsaskiya shimfiɗe a ƙasa, hanya ta gangara sambal har filin makarantar Malam Tayyib. An kafa rumfuna, an shimfiɗa tabarmi, manyan baƙi na kan kujeru, masu sauka sun jeru cikin fararen kaya. Bayan fili kuma akwai tafkin da shanu ke sha, damina ta cika shi taf.

Mai magana a lasifika ya hango rawani. "Jama'a, ga babban baƙonmu nan tafe, malamin malaminmu, Malam Abdulkahar daga Batsari! A miƙe a tarbe shi!"

Maude ya gyara zama, ya ɗaga haɓa. Wannan ce shigar da ya kwana yana tsarawa: ya zo a hankali, ya tsaya gaban manyan baƙi shiru kamar kyanwa, a tambaya wane ne ya yi wannan aiki. Ya taka birkin ƙafa. Abin takawar ya tafi ƙasa salin-alin, bai tarar da kowa a gida ba. Ya matse na hannu har ya taɓa mariƙin. Ƙamshi kawai ya ƙaru.

"Rage gudu, Maude, mun iso."

"Ana ragewa, Malam."

"Ban ga alama ba."

"Nazari yake yi!"

Cikin ruɗewa ya damƙe kuloci, ya raba injin da taya, ɗan riƙon da giya ke yi musu shi ma ya tafi. Babur ya miƙe a gangara. Maude ya sauke ƙafafu yana jan ƙasa, takalmin dama ya yi gabas, na hagu ya yi yamma. Masu tarba da suka taho da hannuwa a miƙe suka ga abin ba na tsayawa ba ne, suka dare gida biyu. Malam Tayyib ya buɗe hannu zai rungumi malaminsa, ya rungumi iska, ya ƙwala ihu.

Malam Abdulkahar kuwa mutum ne da ba ya wuce taron Musulmi bai yi sallama ba, ko a wane hali yake. Ya ɗaga hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da wuyan rigar Maude.

"Assalamu alaikuuum!"

"Wa alaikumus salam!" jama'a suka amsa wa bayansa.

Suka bi ta tsakanin tabarmi, suka kwashi igiyar lasifika, mai magana ya bi abin maganarsa da gudu. Karnuka suka biyo sawu ta kan takalman manyan baƙi. Suka ratsa wurin mata masu girki, matan suka yi ta kansu da ludaya a hannu, Allah ya tsare tukwane. Wata tsohuwa ta bi su da tambaya, "Ba ku tsayawa ku ci abinci?" Daga nan sai gaɓar tafki, sai tsulum.

Ruwan bai wuce ƙugu ba, laka ce mai yawa. Shanun da ke sha suka ɗago kai suka duba, suka ci gaba da abin da ke gabansu. Rawanin Malam ya warware ya kwanta a kan ruwa. Taya ta yi cuuu, tururi ya tashi. Samari suka faɗa ciki suka tallabo Malam, suka fito da shi yana ɗigar ruwa, farar riga ta koma launin kunun kanwa. Duk taron walima ya dawo bakin tafki. Da aka tabbatar babu wanda ya ji ciwo, wani ya ƙyalƙyale daga baya, wani ya kama, dariya ta ci fili har masu rawani suna ɓoye fuska a hannun riga.

Maude ya miƙe cikin ruwa, ganye a ka, sifana na reto a wuya. Ko a nan bai saduda ba.

"Jama'a, ku tsaya! Ku yi mini shaida tsakani da Allah. Tun daga kan tudun can har cikin ruwan nan, akwai wanda ya ji kukan birki?"

"Kukan Malam Tayyib dai muka ji!" wani ya amsa, aka sake fashewa.

"Malam, ka ce in gyara kuka, na gyara. Ka ce in kawo ka Tsaskiya, na kawo ka, har da ƙari. Saura komawa, kuma wannan ƙaramin aiki ne. Maganar rumfa dai tana nan, ko?"

Malam Abdulkahar ya matse gemunsa, ya karɓi rawani daga hannun wani ya rataya a kafaɗa. Bai ɗaga murya ba, shi ya sa kowa ya yi tsit don ya ji.

"Maude, ruwan nan ban riƙe ka da shi ba, na yafe. Amma dubi can."

Ya nuna masu sauka da suka jeru a gaɓa cikin fararen kayansu, wasu ba su kai ƙirjin mutum ba.

"Irin waɗannan ke tsallaka titi gaban rumfar nan safe da yamma. Duk babur da ya fito daga hannunka, ta kansu zai fara bi. Yau Allah ya sa tafki ne a gabanmu. Ƙofar makarantata babu tafki. Rabi'u zai kawo teburinsa gobe."

Maude ya waiwaya wajen gaɓa. Ya dubi yaran, ya dubi sandar birki da ke reto cikin laka, kunya ta rufe shi, irin wadda dariyar mutane ba ta taɓa sa masa ba.

Aka ara wa Malam riga, ya rufe taro da addu'a, ya ci shinkafarsa. Da aka tashi, masu babura suka yi ta rububin mayar da shi gida. Ya tsaya gaban wani mai suna Nasiru, ya dafa sirdin babur ɗinsa.

"Ɗana, Maude ya taɓa gyara maka wannan?"

"A'a, Malam. Ko wanke shi bai taɓa yi ba."

"To bismilla, mu tafi."